Luwi Fastar, ɗan majemi mai neman rigakafi

1. Yarintarsa

A gabashin ƙasar Faransa akwai wani gari da ake kira Dol. Nan aka haifi Luwi Fastar ran 27 ga watan Disamba, shekara ta 1822. A littattafan Faransanci za ku ga an rubuta sunansa Louis Pasteur. Ubansa majemi ne. Da can ya yi aikin soja cikin rundunar Napoliyon. Da yaƙi ya ƙare sai ya koma ga sana'ar gidansu. Luwi yana ƙarami suka ƙaura zuwa garin Arbuwa, uban ya kafa majema a bakin rafi. Cikin warin jima yaron ya tashi.

A makaranta ba shi ne na ɗaya ba. Yaro ne mai nawa wajen ba da amsa, ba ya faɗin abu sai ya tabbata. Abin da ya fi so shi ne zane da kamun kifi. Ya zana fuskar uwarsa da ta ubansa, har yau hotunan suna nan.

Yana da shekara 8, a 1831, wani kyarkeci mai haukan kare ya fito daga daji ya ciji mutane da yawa a yankinsu. A lokacin babu magani. Sai dai a kai mutum maƙera, a sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a ƙona wurin cizon. Maƙerar tana kusa da gidansu Luwi, ya ga abin da idonsa. Duk da ƙunar nan wasu sun mutu. Bai manta ba har ya tsufa.

A 1838 aka kai shi Pari karatu. Begen gida ya kama shi, har ubansa ya je ya ɗauko shi. Ya ci gaba da karatu kusa da gida. A 1842 ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta Pari, amma matsayin da ya samu bai gamshe shi ba. Ya ƙi shiga, ya ƙara shekara guda yana shiri. Da ya sake jarrabawar a 1843 sai ya zo na huɗu.

2. Halittun da ido ba ya gani

Fastar bai karanta aikin likita ba. Ilimin haɗa sinadarai ya koya, shi ya riƙa koyarwa. A 1849 ya auri Mari Loran a birnin Sitirasbur. Ita ce ta riƙa rubuta masa abin da yake shiftawa, ta tsaya masa har ƙarshen ransa.

A 1854 aka tura shi birnin Lil. Can ya shiga binciken abin da ke sa abinci da abin sha su yi tsami ko su lalace. Kowa ya san in Bafillatana ta zuba ɗan tsohon nono cikin madara, kafin gari ya waye ta yi tsami. Fastar ya duba irin wannan da madubi mai ƙara girman abu. A 1857 ya nuna cewa wasu halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, suke wannan aiki. Suna ci, suna hayayyafa, ido kuwa ba ya ganinsu.

To, daga ina suke zuwa? Masana da yawa sun ɗauka daga cikin abincin suke tsirowa haka kawai. Fastar ya zuba romo cikin kwalba mai dogon wuya, lanƙwasasshe kamar wuyan zalɓe, ya tafasa shi. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar wuyan. Romon ya yi watanni bai ɓaci ba. Da ya karya wuyan kwalbar ƙura ta faɗa ciki, cikin ƴan kwanaki romon ya ruɓe. Ashe ƙura ce ke ɗauke da su. Ya kuma gano cewa zafin wuta yana kashe su. Shi ya sa ake dafa madara kafin a ba yaro.

Daga nan tunaninsa ya tafi ga cuta. In waɗannan halittu suna ɓata romo, ba za su ɓata jinin mutum ba? Tambayar ta taɓa shi har cikin gida. Ƴaƴa 5 suka haifa, 3 sun rasu suna ƙanana. Biyu daga cikinsu, Jan a 1859 da Sesil a 1866, masassarar taifot ce ta ɗauke su, cutar da ake sha cikin ruwa marar tsabta. A 1868 shi kansa ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, hannunsa da ƙafarsa na hagu suka raunana. Shekararsa 45. Bai bar aiki ba. Abin da hannunsa ya kasa, almajiransa suka riƙa yi yana tsaye a kansu.

3. Kaji da tumaki

Tun kafin a haifi Fastar mutane sun lura cewa wanda ya yi agana ya tashi ba ya sake yinta. A wurare da dama na Afirka ta Yamma da Asiya akan tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ruwan ƙurjin mai agana, don ya yi ƴar kaɗan ya huta. Amma akwai hatsari, wasu sukan mutu, wasu su yaɗa ta. A 1796 wani likita a Ingila, Edwad Jenar, ya sami hanya mafi sauƙi. Ya ɗebi ruwan wani ƙurji marar tsanani da ake ɗauka daga nonon shanu, ya sa wa wani yaro. Yaron bai kamu da agana ba. Sai dai dabarar ta tsaya ga agana kaɗai, don ba kowace cuta ke da ƴar'uwa mai sauƙi a jikin saniya ba.

A 1879 Fastar da almajiransa suna binciken wata annoba da ke ƙare kaji. Suna kiwon ƙwayoyin cutar cikin romo. In suka yi wa kaza allura da sabon romo sai ta mutu. Amma da suka yi amfani da romon da ya daɗe a ajiye, kajin suka yi ɗan rashin lafiya suka warke. Bayan haka aka yi wa kajin nan allurar sabon romo mai ƙarfi, tare da wasu kajin da aka sayo. Baƙin kaji suka mutu, na farko kuwa suna ta kiwonsu. Fastar ya gane abin da ya faru. Ana iya raunana ƙwayar cuta da gangan, a sa ta a jiki, jiki ya saba da ita kafin mai ƙarfin ta zo.

Sai ya juya ga ciwon saifa, wanda makiyayan Adar su ma suka sani. Bisa tana kiwo lafiya, sai ta faɗi ta mutu, jini baƙi yana fita ta hanci. Wani likita Bajamushe, Robar Kok, ya riga ya nuna ƙwayar cutar a 1876. Fastar ya gano cewa tana daɗewa cikin ƙasa inda aka binne mushe, tsutsotsin ƙasa kuma suna fito da ita sama, bisashe su ci tare da ciyawa. Mutum ma yana ɗauka in ya feɗe mushen ko ya jeme fatarsa.

Mutane da yawa ba su yarda da maganar rigakafin ba. Aka ce ya gwada a gaban jama'a. Ya amsa. A wata gona a ƙauyen Puyi-lo-For aka tara tumaki da awaki 50, da shanu kaɗan. Ran 5 ga watan Mayu 1881 aka yi wa 25 allurar raunanan ƙwayoyi, aka maimaita ran 17. Sauran 25 ba a yi musu ba. Ran 31 ga wata aka yi wa dukkansu allurar cuta mai ƙarfi. Da gwajin ya ƙi, da sunan Fastar ya zube. Ran 2 ga Yuni manoma da likitocin dabbobi da ƴan jarida suka taru. Waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, yawancinsu suna kwance matattu, sauran suka cika kafin dare. Waɗanda aka yi wa suna tsaye suna cin ciyawa.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Almajiransa biyu, Emil Ru da Sharl Shambarlan, su suka haɗa allurar da aka yi a gonar, ta wata hanya mai kama da wadda wani likitan dabbobi mai suna Tusan ya fara gwadawa. Fastar bai bayyana wa jama'a haka ba. Sai bayan shekaru masu yawa aka gani cikin littattafan aikinsa. Amma ga Jenar ya yi halin girma. A shekarar nan ya nemi a riƙa kiran kowace allurar rigakafi da sunan da Jenar ya ba tasa. Kalmar vaccin ta Faransanci daga sunan saniya ta fito a harshen Latin.

4. Yaron da kare ya ciza

Yanzu Fastar ya koma ga cutar da ya gani yana yaro. Haukan kare ya ba shi wahala, don ƙwayarsa ta fi ƙanƙanta, madubin wancan zamani ba ya nuna ta. Amma shi da Ru sun gane inda take zama, wato ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Suka riƙa sa wa zomaye cutar. In zomo ya mutu sai su cire lakar, su rataye ta cikin kwalba ta bushe. Kullum ƙarfinta yana raguwa. Bayan mako biyu ba ta iya yin illa. Suka gwada a kan karnuka, suna farawa da busasshiya, suna ƙarewa da ɗanya. Karnukan suka tsira.

Akwai wani abu game da wannan cuta. Ba ta bayyana ranar da aka yi cizon. Tana bin jijiya sannu a hankali, takan yi wata guda ko fiye kafin ta kai ƙwaƙwalwa. In ta kai, mutum ya fara tsoron ruwa, to, sai mutuwa. Fastar ya yi tunanin a yi tsere da ita, a shirya jiki tun tana hanya.

Ran 6 ga watan Yuli 1885 wata mata ta iso Pari daga yankin Alzas da ɗanta mai shekara 9, sunansa Jozaf Mestar. Kwana biyu ke nan mahaukacin kare ya kada shi, ya cije shi wuri 14. Fastar ya shiga damuwa. Allurar ba ta tabbata ga ɗan Adam ba. In ya ƙi, yaron yana iya mutuwa. In ya yarda yaron ya mutu, za a ce shi ya kashe shi. Ya kira likitoci biyu suka duba raunukan, suka ba da shawarar a yi. Tun da shi ba likita ba ne, likita Giranshe ne ya riƙe allurar.

Aka yi wa yaron allura 13 daga ran 6 zuwa ran 16 ga wata, kowace ta fi ta baya ƙarfi. Fastar ya kasa barci. Mako ya wuce, wata ya wuce, wata uku suka wuce, Jozaf yana wasansa. Da ya girma ya zama mai tsaron ƙofar cibiyar Fastar.

A watan Oktoba aka kawo na biyu, wani makiyayi ɗan shekara 15, Jan-Batis Jufi. Shi ya tare mahaukacin kare don ƙananan yaran da ke tare da shi su gudu. Shi ma ya tsira. Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa har daga Rasha da Amurka. Ba duka suka rayu ba. An kawo wata yarinya mai shekara 10 bayan kwana 37 da cizo. Aka yi mata allurar, amma cutar ta riga ta yi nisa, ta rasu.

5. Yadda jiki yake yaƙi

Fastar ya sami hanyar rigakafi, amma bai san ainihin abin da ke faruwa cikin jiki ba. Ya ɗauka ƙwayoyin farko ne ke cinye wani abinci da ke cikin jini, na biyu su zo su rasa abin ci. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka gano gaskiyar. Wani masani daga Rasha, Mecinikof, ya ga wasu ƙwayoyin jiki suna haɗiye baƙin abubuwa. A 1888 ya zo ya yi aiki tare da Fastar. A 1890 wasu masana biyu a Jamus suka gano cewa jini yana ƙera makamai na musamman.

Ga abin da aka sani yau. Jiki kamar birni ne mai ganuwa. Fata ita ce ganuwar. Hanci da baki da ido su ne ƙofofi, majina da miyau da hawaye suna tsaronsu. In ƙaya ta soki ƙafa, ganuwa ta tsage, abokan gaba sun sami hanya.

Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi da farare. Fararen su ne dakarun birni. Wasunsu suna rugawa wurin rauni su haɗiye duk baƙon da suka tarar. Shi ya sa wurin yake kumbura, ya yi zafi. Mugunyar da ke fita daga miki, yawancinta gawawwakin dakarun nan ne. Kaluluwar da ke fito wa mutum a matsematsi in ya ji ciwo a ƙafa, sansani ne inda suke taruwa. Masassara ma tana cikin dabarun yaƙin.

Wasu fararen ƙwayoyin kamar maƙera suke. Suna duba kamannin abokin gaba, su ƙera makamin da ya dace da shi, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Makamin ƙyanda, wadda ake kira dussa, ba ya kama sanƙarau. Ƙirar nan takan ci mako guda ko biyu a karon farko. Cikin kwanakin nan ne cuta take yin ɓarna, wani lokaci ta kashe mutum kafin makamai su samu. In an ci yaƙi, wasu ƙwayoyin suna zama shekara da shekaru riƙe da kamannin abokin gaba. Ran da ya dawo, nan da nan za su gane shi, a gama da shi mutum bai ko kwanta ba. Wannan duka shi ake kira garkuwar jiki.

Allurar rigakafi tana nuna wa dakarun abokin gaba wanda aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɗan ɓangare nasa. Jiki ya ƙera makamai, ya riƙe kamanni, ba tare da ya sha wahalar cutar ba. Ɗan zafin jikin da jariri yakan yi bayan allura alama ce ta cewa ana aiki. Wasu allurai sai an maimaita su kafin jiki ya riƙe sosai, kamar yadda ɗan makaranta yake maimaita karatu kafin ya hardace. Jariri yana zuwa duniya da makaman da uwarsa ta ba shi tun yana ciki, dakashi da nono suna ƙara masa. Amma na aro ne, bayan ƴan watanni suna ƙarewa. Yaron da ba ya samun abinci isasshe kuwa, dakarunsa ba su da ƙarfi.

6. Abin da ya bari

Mutane daga ƙasashe da yawa suka tara kuɗi aka gina masa cibiyar bincike a Pari. An buɗe ta ran 14 ga Nuwamba 1888. Ƙarfinsa ya riga ya ragu, ba ya iya aiki kamar da. Ya rasu ran 28 ga Satumba 1895, yana da shekara 72. Cikin cibiyar kabarinsa yake.

Almajiransa suka ci gaba. Wasu masana biyu, Kalmet da Geran, sun yi shekara 13 suna raunana ƙwayar tarin fuka ta shanu. A 1921 aka fara ba jariri ita. Ita ce allurar BCG da ake yi wa jarirai bayan haihuwa a gidajen likita na Madawa da Buza da Kaita, mai barin ɗan tabo a hannu. Cibiyar Fastar ta Dakar tana haɗa rigakafin shawara. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana cikin zumuntar cibiyoyin da ke ɗauke da sunansa.

Daga 1967 ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya suka bi garuruwa da rugage na Nijar da maƙwabtanta suna yin lambar agana. Dattawa da yawa a jihar Tawa suna da tabonta a damtse. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Sanƙarau kuwa, mai zuwa da bazara lokacin ƙura da zafi, ya kashe dubban mutane a Nijar a 1995. A 2010 aka fara wata sabuwar allura ta kariya daga irin da ya fi yin annoba a lokacin, irin nan ya ja baya ƙwarai. Amma sanƙarau iri-iri ne, shi ya sa har yanzu akan kira mutane allura in wani irin ya ɓullo.

Aikin bai ƙare ba. Dussa tana dawowa duk garin da aka bar yara da yawa ba allura. In kusan kowa ya yi, cutar ba ta samun wanda za ta bi ta kai ga jarirai, kamar gobarar daji da ta iso inda aka share ciyawa. Jariri yana da ranakunsa: bayan haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da sauran ranakun da aka rubuta a katinsa. Haukan kare ma yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa kuma yara ne. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi gidan likita a ranar. Kada a jira a ga abin da zai faru. Jozaf Mestar ya iso bayan kwana 2, yarinyar nan bayan kwana 37. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mece ce sana'ar uban Luwi Fastar?
2. Me ya sa romon da ke cikin kwalba mai lanƙwasasshen wuya bai ɓaci ba?
3. Me ya faru da kajin da aka yi wa allurar tsohon romo?
4. Don me Fastar ya yi jinkiri kafin a yi wa Jozaf allura?
5. Me ya sa allurar dussa ba ta kare mutum daga sanƙarau?
6. Me ya kamata a yi da bisar da ta mutu da ciwon saifa? Don me?

Aiki

Ku roƙi iyayenku su nuna muku katin rigakafin ƙanenku ko ƙanwarku. Ku rubuta alluran da aka yi da waɗanda suka rage. Ku tambayi wani dattijo na unguwarku abin da ya sani game da agana, ku kawo labarin aji.